Sunan Baba Maccido a Ƙasan Shafi

Gidan Dahala, Sakkwato
14 ga Afrilu

Jalaluddeen,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da karatunka da aikin mujalla, da ruwan Accra da aka ce ba ya gajiya. Mu nan zafi ya kai inda ya saba kaiwa, sai hamdala. Kumburin ƙafata ya sauka. Likita ya hana ni gishiri, na ce masa in ya ga abin da nake karantawa a takardun ɗalibai zai san ba gishiri ke tayar mini da jini ba. Na haɗu da mahaifiyarka Na'ima wajen wani suna a Sabon Gari, lafiyarta ƙalau, ta ce in ja maka kunne kan rashin kira. To, na ja.

Babbar editarku ta rubuto mini cewa an karɓi maƙalata. Na san an cire hannunka daga bitarta saboda dangantaka, ko da yake dangantakar tamu sai an zauna an warware ta kamar zare, tunda kakarka da mahaifina 'ya'yan wa da ƙane ne. Sun yi daidai da suka cire ka. Amma ta ce yanzu da bita ta ƙare, kai ne za ka shirya ta don bugu. Shi ya sa na ce bari in rubuto maka da harshenmu, inda zan iya faɗin abin da ke raina game da mai bita na biyu. Mutumin nan ya cika shafuka yana tambayata don me ban kawo misali daga Brazil ba. Na tabbata bai taɓa shaƙar warin ɗanyar fata ba, in ban da ta takalminsa da damina.

Tunda ba a bar ka ka karanta ba, ga zancen a taƙaice. Doka ta ce wanda ya fitar da jemammiyar fata zuwa waje yana da tallafi, wanda ya fitar da ɗanya ba shi da komai, wai don sana'ar jima ta rayu a gida. Manufar ba ta da aibu. Sai dai wanda ya rubuta dokar bai tsaya ya faɗi mene ne jima ba. Masu manyan sito suka ga ƙofa a buɗe. A tsoma ɗanyar fata a ruwan magani, a shanya, a ɗaure, a rubuta mata jemammiya, ta fita da tallafinta. Majemanmu kuwa suna zaune da bagaruwarsu babu abin jemewa, domin an saye fatar tun tana jikin akuya. Wannan fa fatar jar akuyarmu ce, wadda ta ratsa Sahara tun zamanin raƙuma, Turawa suka laƙaba mata sunan Maroko suka manta da mu. A da sunan kawai aka ƙwace, yanzu har sana'ar.

Sassa uku na farko gardamar shari'a ce, kowane lauya mai haƙuri zai iya yin ta. Sashe na huɗu shi ne ran maƙalar. A nan ne wanda ya gani da idonsa ya faɗi yadda ake yi, na kira shi Dillali na Uku. Kada ka tambaye ni ko wane ne. Na yi wa kwamitin ɗa'ar bincike na jami'a alkawari a rubuce, na kuma yi wa mutumin alkawari da baki, wanda ya fi wancan nauyi. Waɗanda ya tona ba masu kai ƙara kotu ba ne. In sunansa ya fita, mafi sauƙin abin da zai same shi shi ne a kashe masa kasuwa, sauran kuma ba na son rubuta shi.

In ka kira Na'ima, ka ce ta miƙa mini gaisuwa gidan bappanta, Baba Maccido. Na kwana biyu ban leƙa su ba, ina da dalilina. Shekara guda na yi ina zama a zauren tsohon nan, matarsa Inna Mairo na dama mini fura kamar ni ce autarta. Ban san ranar da zan iya gode masa yadda ya cancanta ba, abin yana ci mini rai.

Ka kula mini da lambobin sharhin ƙasan shafi, kada su rikice.

Goggonka,
Hajara Attahiru

*

Accra
22 ga Afrilu

Goggo Hajara,

Wa alaikumus salam. Na ji daɗin wasiƙarki ƙwarai, na kuma gode Allah da ƙafar ta yi sauƙi. Ni ma lafiya, sai ɗan mura na canjin yanayi. Na kira Umma, kunnen ya jawu.

Na karanta maƙalar a zama ɗaya, har na manta ni ma'aikaci ne na koma ɗalibi. Goggo, wannan ita ce za ta kai ki kujerar farfesa, in Allah ya so. Babbar edita ta ce tun da take aikin nan ba ta ga wanda ya haɗa dokar ciniki ta ƙasa da ƙasa da warin kasuwa a wuri ɗaya kamar haka ba. Dillali na Uku kuwa, ko wane ne shi, Allah ya saka masa. Ban tambaya ba, ba kuma zan tambaya ba.

Sai dai akwai wata magana da Umma ta kawo mini wadda ba ta yi mini daɗi ba, kuma gara ki ji ta daga bakina. Ta je gidan Baba Maccido ta isar da gaisuwarki, Inna Mairo ta amsa a sanyaye. Matan gidan suna cewa tunda kika sami abin da kike nema kin ɗauke ƙafa, wai ɗan boko in ya cika buhunsa ba ya waiwayen rumfar da ya auna.  Umma ta ce maganar matan ta yi mata ciwo. Na ce mata ba halinki ba ne, na karanta mata inda kika ce rashin gode masa na ci miki rai, har ta yi ƙwalla.

Da nake shirya shafin farko na lura da sharhin nan mai tauraro a ƙasa, inda marubuta ke godiya. Kin gode wa ma'aikatan laburare, kin gode wa masu bita har da na biyun da kika wanke, amma babu ko mutum ɗaya na gida. Na san ku malamai kuna jin nauyin sa dangi a irin wurin nan. Amma ke da kanki kika ce Turawa sun ɗauki fatarmu suka manta da sunanmu. A gidanmu ko walimar sauka ake yi, sai an ambaci wanda ya ba da tabarma. Zan yi tunanin yadda za a yi, in turo miki tare da kwafin gyara ki gani.

A gaida mutan gida.

Ɗanki,
Jalalu

*

Accra
9 ga Mayu

Goggo,

Sallama da gaisuwa. Umma ta gaya mini yayarki Dijatu ta faɗi, ɓarin jikinta ya shanye, kina can Wamakko wajen jinyarta. Allah ya ba ta lafiya, ya sa kaffara ne. Na ɗauki waya zan kira ki, sai na ji kunya in tare ki da zancen shafi da waƙafi kina kan gadon majinyaci. Shi ya sa na bar ki.

Na turo kwafin gyara tun makon jiya. Ƙa'idar mujalla ita ce in wa'adi ya cika marubuci bai ce komai ba, an ɗauka ya amince, sai a saki maƙalar a intanet. Kada ki damu, na bi ta layi-layi, lambobin sharhi duk suna wurinsu. Abu ɗaya na ƙara, a sharhin godiya, ga ma'anarsa da Hausa: "Marubuciya na godiya ta musamman ga Malam Maccido Dodo, dillali a kasuwar fata ta Sakkwato, wanda ya buɗe mata zaurensa da iliminsa." Ban taɓa sashe na huɗu ba, Dillali na Uku na nan a rufe yadda kika bar shi. In ba ki so, kalma ɗaya ta isa in cire. In na ji shiru, na san na sauke miki nauyin da kika ce yana ci miki rai.

Jalalu

*

Gidan Dahala, Sakkwato
2 ga Yuni

Jalaluddeen,

Ina lafiya. Yaya Dijatu ta fara motsa yatsu, tana gane mutane. Na gama da gaisuwa.

Bari in gaya maka yadda na sami labarin cewa maƙalata ta fito. Ba daga editarku ba, ba daga wasiƙunka ba, domin na bar kwamfuta a gida na tafi da zane biyu da carbi. Na dawo ko mayafi ban cire ba, waya ta yi ƙara. Barista Hamza ne, wanda na koya wa dokar kwangila ya ci da ƙyar, yanzu shi ne lauyan masu sito. Ya taya ni murna cikin ladabi, ya ce ya karanta tun daga farko har ƙarshe, ya ƙaru. Har zai ajiye, sai ya ce, "Malama, ya jikin Baba Maccido? A ce muna gaishe shi."

Na tsaya da waya a hannu ina tunanin ta ina ya haɗa maƙalar da Baba. Sannan na buɗe kwamfuta na ga wasiƙunka biyu suna jirana.

Kai ne mai digiri na biyu a shari'a, kana neman na uku. To zauna in yi maka darasin da ake yi wa 'yan aji ɗaya. Sashe na huɗu ya ce Dillali na Uku ya gaji dillanci, ya tsufa a kasuwar fata, ya sha shiga sito ana kiransa ya tantance kaya. Irin waɗannan a garin nan za su cika tabarma biyu, shi ya sa na bar siffar haka. Sai kai ka zo shafin farko ka rubuta cewa a cikin dillalan Sakkwato kaf, akwai guda ɗaya da ya buɗe mini zaurensa da iliminsa, ga sunansa, ga sunan ubansa, ga kasuwarsa. Ka ce ba ka taɓa sashe na huɗu ba. Gaskiya ne. Ka rufe ƙofar ɗaki da kwaɗo, ka rataye makullin a bakin zaure da takarda mai cewa ga na ɗakin can.

Baba Maccido shi ne Dillali na Uku. Na rubuta maka yanzu tunda babu sauran wanda bai sani ba sai kai.

Na ce maka na ɗauke ƙafa daga gidansa ina da dalili. Me ka ɗauka dalilin? Girman kai? Na yarda matan gidan su zage ni, na yarda Inna Mairo ta amsa gaisuwata a sanyaye, na haɗiye duka, don kada a ga motata a ƙofarsa lokacin da maƙalar za ta fito. Zagin da ka ji ana yi mini, shi ne katangar da na gina masa. Ka zo da kyakkyawar niyya ka rushe ta.

Kuma ka ce ka ji kunyar kira na. Ka ji kunyar tambayata, amma ba ka ji kunyar sa kalmomi a bakina a gaban duniya ba. Wace ƙa'ida ce ta ce shirun mai jinya amincewa ne? Ko a auren fari, da ake ɗaukar shirun budurwa amincewa, sai an ga fuskar mai shirun. Ni ban ma san ana tambayata ba.

Ka cire sunan yau. Ba gobe ba. Ka gaya wa editarku duk abin da ka yi da bakinka kafin in gaya mata da nawa, domin nawa ba zai yi maka daɗi ba. Sannan ka rubuto mini ko su wa suka riga suka sauke maƙalar, in ana iya sani.

Hajara

*

Accra
4 ga Yuni

Goggo,

Ina gaisuwa, ina kuma roƙon Allah ya ƙara wa Goggo Dijatu sauƙi. Ban san da wace fuska zan rubuto ba. Wallahi ban kawo Baba a raina ba. Na ɗauka shi mai masauki ne kawai, wanda ya haɗa ki da mutane. Yanzu da na sake karantawa, na ga ko makaho zai lalubo.

Na gaya wa babbar edita komai. An cire sunan daga shafin mujalla tun jiya. Sai dai ta ce ƙa'ida ba ta yarda a sauya abin da aka riga aka wallafa a ɓoye ba, dole a liƙa sanarwar gyara, a ce an cire wani suna daga sharhin godiya bisa buƙatar marubuciya. Na roƙe ta, ta ce in aka fara goge abu ba sanarwa, babu wanda zai sake yarda da mujalla. Ta yarda ba za a maimaita sunan a sanarwar ba. Waɗanda suka sauke kuwa ba a sanin sunayensu, ƙasashe kawai ake gani, kuma mafi yawa daga gida ne.

Akwai sauran abu ɗaya, Goggo, gara in faɗa. Ranar da ta fito, na ɗauki hoton shafin farko na ja layi ƙarƙashin sunan Baba, na tura wa Umma don ta nuna wa Inna Mairo a daina zarginki. Umma ta sa a zauren dangi na waya. Daga nan ban san inda ya tafi ba. An ce har wani jikansa ya buga shi a takarda ya kai masa kasuwa.

Ki ce mini abin da zan yi, zan yi.

Jalalu

*

Gidan Dahala, Sakkwato
15 ga Yuni

Jalaluddeen,

Barka da Sallah, Allah ya maimaita mana. Muna lafiya. An yi ruwa mai kyau, manoma sun fita.

Na ga sanarwar gyaranku. Da akwai mai shakka a da, yanzu kun buga masa hatimi. Marubuciya ta firgita ta ce a cire wani suna, to wane ne zai ce sunan ba shi da muhimmanci? Ka gaya wa editarku ta tsare mutuncin mujallarta da kyau, na ga yana da tsada.

Na je kasuwa washegarin layya, tunda ɓuya ba ta da sauran amfani. Ka san yadda ranar take, ko ka manta? Fata ta ko'ina, a kan babur, a baro, a ka, ƙuda kamar hadari, gishiri har idon sawu. Rumfar Baba a irin wannan rana ba a samun wurin tsayawa, domin mahauta sun san in ya shafa fata da tafin hannu ya ce ga matsayinta, babu mai musu. Na same shi zaune a kan buzunsa, gabansa a share tas. Mutane na wucewa da kaya, su rage tafiya, su gaishe shi, su wuce rumfar gaba. Gaisuwar ce ta tsorata ni. Doguwa, cikakkiya, har da tambayar jikoki, irin wadda ake yi wa wanda za a daɗe ba a gani ba. Babu wanda ya zage shi. Da sun zage shi da na sami barci.

Na durƙusa na fara ba shi haƙuri, ya ɗaga hannu. Ya laluba aljihu ya fiddo takardar nan da jikansa ya kai masa, ta yi laushi don ninkewa. Ya ce ba ya karanta boko, kowa kuma da irin fassarar da yake yi masa, yana so ya ji daga bakina. Na fassara masa kalma-kalma. Ya sa na maimaita. Sai ya ce, "Ashe har da sunan tsohona anka sa. Yaron ga na Na'ima ya san girman mutane."

Ka ji. Ba na gaya maka don ka ji sanyi ba. Na gaya maka don ka san irin mutumin da ka jefa a rijiya, yana faɗawa yana sa maka albarka.

Na tuna masa shi ya ce mini in rubuta komai amma sunansa ya tsaya cikin zaure. Ya ce ya faɗa, kuma da an bi tasa da ya fi, amma abin da ya fita ya fita, ba a mai da hayaƙi cikin itace. Na ce ya zo ya zauna gidana, ko in kai shi Wamakko wajen Yaya Dijatu har ƙura ta lafa. Ya yi dariya, ya ce dillalin da ya bar rumfarsa ranar fata ya amsa laifi ke nan tun ba a tambaye shi ba.

Sannan ya gaya mini masu sito sun aiko. Wai sun tara kayan Sallah a wani sabon sito bayan gari, suna so ya je ya tantance musu kamar yadda ya saba, za su turo mota. Na ce kada ya je. Ya ce tun yana saurayi ba a taɓa kiransa ganin fata ya ƙi ba, in ya ƙi yanzu me zai ce, ciwon kai? Na ce ya ce Hajara ta hana. Ya dube ni ya ce, "Ɗiyata, ke kina da jami'a bayanki. Ni kasuwar ga ita ɗai gare ni."

Inna Mairo ta daina amsa mini a sanyaye. Yanzu riƙe hannuna take yi ba ta saki. Na fi son sanyin.

Hajara

*

Accra
18 ga Yuni

Goggo,

Barka da Sallah, ina fatan kowa lafiya. Na karanta wasiƙarki na kasa cin abinci.

Amma ki ji wannan, ko zai zama haske. Wani kwamiti a Abuja da ke duba dokar tallafin ya nemi maƙalar, sun ce suna so ki zo ki yi bayani. Edita ta ce mujalla na bayanki ɗari bisa ɗari. Ina ganin yanzu ba ɓuya ce za ta tsare Baba ba, fitowa ce. In duniya ta san sunansa, wa zai taɓa shi? Ina da abokai 'yan jarida, akwai kuma ƙungiyoyin kare masu tona asiri. Ki ba ni izini kawai. Ba zan sake yin komai ba sai kin ce.

Don Allah ki hana shi shiga motar nan.

Jalalu

*

Gidan Dahala, Sakkwato
27 ga Yuni

Jalaluddeen,

Muna nan da rai. Yaya Dijatu ta taka da sanda.

Ban ba ka izini ba. Ka ajiye 'yan jaridarka. Su za su rubuta su koma gida, mu ne za mu kwana a garin.

Baba ya shiga motar. Bayan Juma'ar da ta wuce suka zo, ya sa farar rigarsa, ya ce wa Inna Mairo zai dawo kafin magariba. Bai dawo ba. In an kira wayarsa tana shiga, wani mutum mai sanyin murya ya ɗauka, ya gaishe ka da kyau, ya ce Baba na hutawa, aiki ne ya yi yawa, fatar bana Allah ya sa mata albarka. Sau ɗaya suka ba shi ya yi magana da matarsa. Ya ce yana lafiya, ana ba shi abinci, a ba akuyoyi ruwa. Ba a kai masa maganin hawan jininsa ba, ga shi can a kan tagar gidansa.

Za ka ce in kai ƙara. Na zauna na rubuta ƙarar a raina, ni da nake koyar da yadda ake rubuta ta. Dattijo ya shiga mota da ƙafarsa, a gaban iyalinsa, zuwa aikin da ya saba, ya kuma ce da bakinsa yana lafiya. Nuna mini laifin. Sun fi wanda ya rubuta dokar fata iya aiki, ba su bar ƙofa ko ɗaya ba. Kuma ranar da na shigar da takarda, ranar wayar za ta daina shiga.

Barista Hamza ya zo ofishina. Ya cire hula ya zauna a kujerar da ɗalibai ke zama. Bai kawo takarda ba, bai ambaci Baba ba ko sau ɗaya. Ya yi zancen kwamitin Abuja, ya ce mutane na cikin damuwa, damuwa kuma ba ta da kyau ga tsofaffi. Ya ce shi a fahimtarsa ta ƙaramin ɗalibi, da a ce sashe na huɗu ba shi da tushe, da babu wanda ya ci amanar kowa, da babu mai fushi da kowa, kowa sai ya koma gidansa. Na tambaye shi ko ya san abin da ake yi wa malamin da ya ce ya ƙirƙiri shaida. Ya ce ya sani, Malama, shi ya sa ya zo da kansa bai aiko ba.

Ni ma na sani. Na zauna a kwamitin ladabtarwa, na sa hannu an kori wani a kan abin da bai kai wannan ba. Ba zancen farfesa ake yi ba yanzu. Za a cire sunana daga ƙofar ofis, duk abin da na taɓa rubutawa za a koma a shinshina shi, ɗalibaina za su goge ni daga takardunsu. Majema za su ci gaba da zama da bagaruwarsu. Kuma kowace kalma a sashen nan gaskiya ce, na ga ruwan maganin da idona, har ya ci mini gefen zane.

Ga sanarwar da za ka kai wa editarku. Na turo ta da Turanci a haɗe da wannan, da sa hannuna, amma ga ta da Hausa don kada ka ce ba ka gane ba:

"Marubuciya ta janye wannan maƙala. Bayanan da ke sashe na huɗu ba su fito daga bakin kowa ba. Babu wani Dillali na Uku. Marubuciya ce ta ƙirƙire shi, ita kaɗai ke da alhaki."

Editarku za ta yi gardama, za ta ce ta san ba haka ba ne. Ka tuna mata ƙa'idarta. Marubuci ya amsa ƙirƙira da sa hannunsa, mujalla ba ta da zaɓi. Kai za ka shirya ta, kai za ka sake ta, a shafin farko inda kowa zai gani, kafin kwamitin Abuja ya zauna. Kada ka sassauta ta, kada ka nema mini mafita a cikinta. In akwai ƙofa ko ta allura ce, Hamza zai gani, ni na koya masa neman ta.

Ban sani ba ko wannan zai isa. Babu wanda ya yi mini alkawarin komai, kuma Baba da ya shiga sabon sito ya ga abin da bai gani ba a da, wanda ba za su so ya fita ba. Amma shi ne abin da ke hannuna.

Kada ka rubuto mini ban haƙuri, ba ni da wurin ajiye shi. In ta fito, ka kira ni a waya, ko ina kan sallaya ne.

Inna Mairo ta kira ɗazu tana tambaya ko ta sa tuwo da Baba yau. Na ce ta sa, ta rufe da kyau.

Hajara Attahiru